Ganga, Inji da Biram: Tarihin Ƙara a Bakin Komadugu

A bakin Komadugu, ƙara ba ta taɓa zama abin da mutum zai yi don kawai ya ga dama ba. Tun lokacin da Mai Ali Gaji ya kafa Birnin Gazargamu wajen shekarar 1470, can sama da mu kusa da Gaidam ta yau, akwai kayan busa da na kiɗa waɗanda talaka bai isa ya taɓa ba, komai yawan shanunsa. Birnin ya faɗi a hannun mayaƙan jihadi a 1808, Shehu Laminu ya gina Kukawa a 1814, dokar kuwa ta bi fada zuwa sabon mazauninta. Turawan Birtaniya uku, Denham da Clapperton da Oudney, da suka sauko daga hamada a watan Fabrairun 1823, suka bi ta wajen Ngigmi suka haye wannan kogi, sun tarar ana busa wa manyan Barno dogayen ƙahonin itace, har Denham ya ba da labarinsu a littafin tafiyarsa. In ka ji busar daga nesa, ka san wanda ke tafe tun kafin ka hango ƙurar dawakinsa.

Ni ban tarar da ƙahon Mai ba, jikokinsa na tarar. Mahaifina Bahaushe ne daga Damagaram, fataucin tattasai da bandar kifi ya kawo shi gabas, ya zauna. Sa'ad da gyaran mulki na 1964 ya mai da Diffa babban birnin jiha, garin bai kai Ngigmi ko Maine Sorowa suna ba, kuma tsofaffin garuruwan nan biyu sun daɗe ba su yafe mata wannan ɗaukaka ba. Abin da kunnena ya fara sani a ƙaramin garin nan shi ne kukan jigo a gonakin Barebarin Mobar da asuba, da luguden mata da hantsi, sannan in biki ya tashi, ganga kura da algaita. Mai algaita kumatunsa a kumbure, yana shaƙar iska ta hanci yana hura ta ta baki, sautin ba ya yankewa. Mu yara shi muke tsayawa kallo, muna jiran ranar da numfashinsa zai ƙare. Bai ƙare ba.

Sai da na girma na gane cewa kiɗan nan da mutum yake magana. Duk karyar da algaita ta yi, akwai wadda take nufi a cikin matan da ke zaune. Maroƙi zai kira sunan uwar ango, da na ubanta, da garin da kakanta ya baro, da rijiyar da danginta suka haƙa. Ita kuma ta miƙe a hankali, ta gyara lafaya, ta taka 'yar rawar nan ta manya wadda ba a gaggawa a cikinta, ta liƙa masa kuɗi a goshi, galibi kuɗin Nijeriya, don su suka fi sefa yawo a kasuwarmu. Makaɗin da ya rikita zuriyar mutum, ya haɗa ta da ta maƙwabcinsa, ranar da hannu biyu zai koma gida. Rabin sana'ar a hannu take, rabi a ƙwaƙwalwa.

Abin da ya tayar mini da duk wannan wani faifai ne da ɗan ƙanwata, mai karatun injiniya a Jamus, ya turo mini ta WhatsApp. Ya ce, "Kawu, ka saurari wannan da abin sawa a kunne, za ka ji gida a ciki." Masu sayar da shi sun sa shi a rukunin da suke kira kiɗan masana'anta mai ɗanɗanon kiɗan ƙabilu. Na saurara daga farko har ƙarshe, kuma ba zan ce ba a yi aiki ba. Akwai wani gurnani a ƙasa wanda ba ya tsayawa, akwai ƙarar ƙarfe a kan ƙarfe, akwai ganguna masu nauyi da aka jera su bisa lissafin kwamfuta, bugu ba ya gaba ba ya baya ko da ƙiftawar ido. A waƙa ta uku sai ga wata busa mai kama da algaita ta kunno kai. Na gyara zama. Ta hau, ta hau, ta kai daidai inda a wurinmu maroƙi zai buɗe baki ya kira suna, sai aka datse ta aka mai da ita farko. Haka aka yi ta yi har waƙar ta ƙare. Na nemi bayanin faifan, na ga sunan wanda ya haɗa, da na wanda ya tace sauti, da na wanda ya zana hoton bango. Mai busar ba shi da suna, ba shi da gari.

Wannan irin kiɗa yana da nasa tarihin, kuma ba na raina shi. A 1976 wasu matasan Ingila da ke kiran kansu Throbbing Gristle suka kafa kamfanin faifai mai suna Industrial Records, daga nan rukunin ya samo suna. Ƙasarsu a lokacin cike take da masana'antun da ke mutuwa da matasa marasa aiki, su kuwa suka ce ba za su yi waƙar soyayya a kan kango ba, ƙarar kangon za su ɗauka. A 1980 aka kafa Einstürzende Neubauten a Berlin ta Yamma, masu kiɗa da guntayen ƙarfen bola da injin huda bango. Da suka gaji da ƙarfe zalla, wasunsu suka juya neman ganga da muryoyin nesa. A 1981 Brian Eno da David Byrne suka fitar da My Life in the Bush of Ghosts, sunan da suka ara daga littafin Amos Tutuola na 1954, suka ɗora muryoyin da suka tsinta a rediyo da tsofaffin fayafayai a kan kiɗan na'ura. Har karatun Alƙur'ani na wasu mutanen Aljeriya suka sa a ciki, sai da Musulmin Birtaniya suka nuna rashin yarda aka cire shi daga bugun da ya biyo baya. Wani kuma, Bryn Jones na wajen Manchester, ya fitar da fayafayai masu ɗimbin yawa da sunan Muslimgauze, cike da gangunan Larabawa, ya rasu a 1999 bai taɓa taka Gabas ta Tsakiya ba.

Amma igiyar da ta ɗaure wannan kiɗa da ƙasarmu ta girmi duk waɗannan, kuma ita ce ta fi ba ni mamaki. A 1948 wani injiniyan rediyon Faransa, Pierre Schaeffer, ya je tashar jirgin ƙasa a Paris ya ɗauki ƙarar jirage, ya yanyanka ta, ya maimaita guntayen, ya ce wannan ma kiɗa ne. Duk mai yanka sauti yana maimaitawa a yau, daga Berlin har situdiyon Kano, jikan wannan aiki ne ko bai sani ba. To wannan Schaeffer ɗin dai shi ne a tsakiyar shekarun 1950 aka ɗora wa kafa Sorafom, hukumar da ta shimfiɗa gidajen rediyo a ƙasashen da Faransa ke mulka, wadda daga baya ta koma Ocora. Ƙarƙashinta aka buɗe Rediyon Nijar a 1958. Ƙarƙashinta kuma Tolia Nikiprowetzky ya zagaya Nijar da na'urar ɗaukar magana a 1963, ya ɗauki makaɗan Hausa da Zabarmawa da Barebari, aka buga su a faifai a Paris. Gida ɗaya ne ya koya wa duniya yanka sauti, ya kuma tara mata sautin da za ta yanka. Ba na zargin Nikiprowetzky da komai. Ba don irinsa ba, da yawancin abin da aka busa a shekarun nan ya bi iska. Sai dai duk abin da ya shiga faifai ya rabu da goshin da ake liƙa wa kuɗi.

Mu ma ba mu jira Turawa sun haɗa mana na'ura da gargajiya ba. A 1978 Mamman Sani ya shiga gidan rediyon ƙasa a Yamai da wani organ ɗan Italiya, ya ɗauki kaset ɗin da aka sani da La Musique Electronique du Niger, inda ya bi karin waƙoƙin makiyaya da na ƙauye da yatsunsa a kan na'ura. Shekara da shekaru duk wanda ya kunna Muryar Sahel ko talabijin ta ƙasa ya ji kiɗansa tsakanin shiri da shiri, yawancinmu ba mu san mai shi ba. Sai a 2013, da kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake buga shi, matasanmu suka fara tambayar wane ne. Wato ɓatar da sunan makaɗi ba Bature kaɗai ya iya ta ba.

Ƙarar ƙarfe kuwa, a Komadugu ba a matsayin fasaha ta zo mana ba, yunwa ce ta kawo ta. Farin 1973 da na 1984 sun karya noman damina da kiwo. A can sama kuma Nijeriya ta gina madatsar Tiga a 1974, ta ƙara ta Challawa a 1992, ruwan da ke gangarowa daga Haɗeja ya ragu, kwanakin da kogi ke yi a cike suka gajarta. Jigo ba ya iya tsere da ruwan da ke gudu. Sai injin ban ruwa ya shigo daga Maiduguri, da fetur ɗin Nijeriya mai araha a jarka, gonakin tattasai suka miƙe a gaɓar kogi tun daga wajen Maine har Boso. Wanda bai kwana a bakin kogin nan cikin sanyin Disamba ba, bai san abin da nake nufi ba: injuna ɗaya bayan ɗaya, kowanne da nasa bugun, wani na tari wani na gudu, har su haɗu su zama abu guda. Manomi yana kwance a bukkarsa zai gane nasa a cikin goma, ya kuma san in ya fara shan iska maimakon ruwa. Da na ji gurnanin da ke ƙasan faifan ɗan ƙanwata, abin da ya faɗo mini ke nan. Gidan da ya ce zan ji, na ji shi, amma a injin na ji shi, ba a gangar ba.

Kuma injin nan shi ya ciyar da ganga. Wannan ne abin da masu kukan cewa zamani ya kashe gargajiya ba sa lissafawa. In an tsinke tattasai aka shanya shi ya yi ja, aka ɗura a buhu, motoci suka kwashe shi ranar Talata zuwa Damasak da Maiduguri da Kano, to kuɗi sun shigo gari, kuma kuɗin tattasai aure ake yi da su. Makaɗan da na sani ba su taɓa samun shekaru irin na bunƙasar tattasai ba. Wasunsu ma da kuɗin liƙi suka sayi nasu injin.

Abokan hamayyar ganga sun zo, ba a musu. Kaset ya kawo Shata da Ɗan Maraya Jos cikin kowace rumfar mai shayi. Shi dai kaset ɗin ya kawo wa'azi, musamman bayan kafa Izala a Jos a 1978, aka samu gidajen da suka daina kiran makaɗa, walima ta maye gurbin ganga. Daga ƙarshen shekarun 1990 fiyanon Yamaha na situdiyoyin Kano ya shigo da waƙoƙin fim, yaro ɗaya da na'ura ɗaya yana fitar da kalangu da sarewa da algaita na ƙarya. Sannan wayar hannu da katin ajiya suka sa waƙa ta riƙa tsallake iyaka ba fasfo. Ko Mdou Moctar, da duniya ta sani da gita, a Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko a 2008, da gangar na'ura da muryar da kwamfuta ta lanƙwasa, kuma ta wayoyi ya bazu. Ta wannan hanyar ce kuma, kada mu manta, wa'azin Muhammad Yusuf, jagoran Boko Haram, ya shiga aljihun samarin kwarin nan kafin a kashe shi a 2009. Duk da haka ban ga ɗaya daga cikin waɗannan ya rufe bakin algaita ba. Mawaƙan fiyano ma da suka ga inda kuɗi suke, sai suka koma yi wa amare waƙa da sunansu da na iyayensu, suna yin aikin maroƙi da wutar lantarki.

In ana son ganin abin da ke kashe kayan kiɗa da gaske, a dubi biram. Kayan kiɗan Buduma ne, masunta da makiyayan tsibiran Tafkin Chadi. Tsirkiya biyar gare shi, jikinsa an sassaƙa shi da siffar kwalekwale, kuma masu shi suna danganta shi da Kargila, iskan tafkin a tsohon imaninsu, don haka ba kowa ke ɗaukarsa ba, sai wanda aka shigar. A 1963 tafkin ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000. Bayan farin 1973 ya rabu biyu, ɓangaren arewa, wanda shi ne namu, ya riƙa ƙafewa ƙaf a shekarun 1980, Ngigmi da ke bakin ruwa ta wayi gari a tudu. Mutanen da ke zama su saurari biram suka watse bin ruwa da ciyawa. Babu fiyanon da ya je tsibiran nan ya kore shi. Zuwa farkon wannan ƙarni, gwani ɗaya aka sani ya rage, wani tsoho mai suna Bukar Tar.

Wanda ya je wurinsa ba Buduma ba ne. Malam Mamman Barka Batube ne daga Taskar, malamin makaranta, wanda Nijar da arewacin Nijeriya suka riga suka sani da gurmi da waƙoƙin Hausa masu ban dariya da cizo. A 2002 ya samu tallafin UNESCO, ya bar Yamai ya tafi bakin tafki ya zauna a gaban tsohon nan a matsayin almajiri, mutumin da ya riga ya yi suna. Ya koyi kiɗan, ya koyi waƙoƙin da harshen masu su, tsohon ya miƙa masa biram. Da shi da abokinsa Umaru Adamu, mai kalangu da duma da ƙwarya, suka hau dandalin bikin WOMAD a Ingila a 2008, a 2009 kuma kamfanin World Music Network ya fitar da faifansu, Introducing Mamane Barka. Shi ma faifai ne da aka yi a Turai don kunnen Turawa, da makirfo da na'urar tace sauti, kamar wanda aka turo mini. Bambancin shi ne duk inda Barka ya tsaya, sai ya faɗi sunan Bukar Tar da na mutanen da suka sassaƙa abin da ke hannunsa. Da bakinsa na san sunan, ni da na girma kwana ɗaya a mota daga tafkin. Barka ya rasu a Yamai a watan Nuwamban 2018.

Kafin rasuwarsa ya ga abin da ya fi fari muni. Ranar 6 ga Fabrairun 2015 Boko Haram ta kai hari Boso da Diffa, cikin 'yan kwanaki aka kafa dokar ta-ɓaci. Aka hana hawa babur, 'yan kabu-kabu suka zauna. Aka sa dokar hana fitar dare. Aka hana cinikin tattasai da na kifi, aka taƙaita fetur da takin zamani, bisa hujjar cewa da su maharan ke samun kuɗi da kayan aiki. Bayan harin tsibirin Karamga a watan Afrilu, hukuma ta umarci mutanen tsibirai su fito, dubbai suka taka a ƙasa cikin zafin Mayu zuwa Ngigmi da Boso. Ƙauyukan bakin kogi suka kwashe suka koma bukkokin kara a gefen hanyar ƙasa mai lamba ɗaya. Ba ni da abin cewa game da hujjar sojoji, su suka san abin da suka gani. Abin da kunnena ya shaida shi ne injuna da ganguna tare suka yi shiru. Ba wanda ya kafa dokar hana algaita. An dai hana tattasai, an hana dare, sauran ya biyo da kansa. Wani mai ganga da na sani tun muna samari, turin kura ya koma yi a kasuwa, gangar tana rataye a ɗaka fatarta na bushewa.

An ɗage haramcin tattasai a watan Oktoban 2017, na kamun kifi a Maris ɗin 2019, duk da cewa gonaki da yawa na bakin ruwa ba su sake shiguwa ba, ambaliyar 2019 kuma ta cinye wasu daga cikin waɗanda aka koma. Bukukuwa sun dawo, amma da rana, a gajarce, kowa na duban agogo.

A wani auren maƙwabta da na halarta bayan haka, an ɗauko DJ da janareta da lasifika biyu manya saboda 'yan mata, an kuma kira masu ganga saboda iyaye, aka ce kowa da lokacinsa. Lokacin bai isa ba, sai suka ci karo a fili ɗaya bayan la'asar. Yaron ya saki kiɗan fiyano har ƙasa na rawa, tsofaffin suka tsaya da gangunansu a rataye ba mai jin su. Can sai mai algaitar ya taka har gaban teburin, ya ce, "Ɗana, rage naka, ka ba ni wannan abin maganar." Yaron ya ce, "To, Baba," ya rage, amma bai kashe ba, ya bar bugun na'urar yana tafiya a ƙasa, ya kara makirfo a bakin algaita. Maroƙi ya karɓi ɗayan ya kira sunan kakar amarya, da ƙauyensu na bakin kogi wanda yau ba kowa a cikinsa, har unguwa ta uku ana ji. Tsohuwar ta miƙe, mata suka rufa mata baya da guɗa. Da aka tashi, na ga uban amarya ya biya DJ kuɗin da suka yi ciniki tun farko, jaka goma sha biyar har da man janareta. Masu ganga ba a yi ciniki da su ba, abin da aka liƙa suka tattara a cikin hula suka koma gefe suna ƙirgawa, kuma sai da suka ware wa yaron nasa kason na makirfo kafin su raba.